Sanda, igiya da inuwa: shaidar mai fitar da alƙibla a Damagaram

A Birni aka haife ni, a nan na yi allo, daga baya aka sa ni lakwal, na ƙare ina koyar da lissafi da kimiyya har na ajiye alli. Amma aikin da aka fi sanina da shi a Damagaram da ƙauyukanta shi ne fitar da alƙibla. In za a sa harsashin masallaci, ko za a yanki sabuwar maƙabarta, sai a aiko yaro ya ce ana neman Mushe, wato malamin lakwal, da igiyarsa. Sama da shekara talatin ke nan. Kayan aikin ba su cika jaka ba: sandar ƙarfe, igiya, ƙusoshi, da mita ta awo. Hanyar da nake bi kuwa, malaman falaki na Musulunci suna kiranta da'ira hindiyya, da'irar mutanen Hindu, don daga hannunsu aka karɓo ta. A kan wannan nake son ba da shaida, saboda na sha ganin sunan kaɗai ya sa fuskar mutum ta canza, kamar an ce a shigo da gunki masallaci.

A bakinmu gabas da alƙibla abu ɗaya ne. Gabas ake duba a yi salla, gabas ake juya dabba a yanka, wanda ba ya salla ma cewa ake bai san gabas ba. Sai dai Makka ba ta gabas sak da mu. Damagaram tana digiri 13.8 arewa da layin da ya raba duniya biyu, tana kuma digiri 9 ta gabas. Ka'aba tana digiri 21.4 arewa, 39.8 gabas. Tsakaninmu kimanin kilomita 3,370. In aka yi lissafin a kan duniya mai siffar ƙwallo, alƙiblarmu tana fitowa digiri 71 daga arewa, wato mutum ya fuskanci gabas sannan ya karkata hagu, wajen arewa, da digiri 19. Kowane gari da tasa: Kano wajen 68, Yamai 72, Agadas 76. Daga nan inda muke, kuskuren digiri ɗaya yana gotar da mutum da kusan kilomita 56 daga Ka'aba, wanda ya tsaya gabas sak kuwa ya goce da kimanin kilomita dubu ta kudu.

Babbar matsalar ma tana wajen mafitar rana. Mutane sun ɗauka rana wuri guda take fitowa kullum. A Damagaram, cikin Yuni tana fitowa digiri 24 arewa da gabas, cikin Disamba kuma digiri 24 kudu da gabas. To yaushe muke gini? Bayan kaka, lokacin ɗari, sa'ad da kuɗin amfanin gona ya shigo kuma ruwan sama ya ɗauke. Maginin da ya tashi da asuba a Disamba ya dubi inda rana ta ɓullo ya kafa turakunsa, ya haɗa 24 da 19 ke nan, ya goce da digiri 43 yana ganin ya yi daidai. Mafi yawan masallatan unguwa da na tarar sun karkata, kudu suka karkata, kuma in ka bincika watan da aka sa harsashinsu sai ka ga dalili.

Ga yadda ake da'irar. A nemi fili inda rana ke bugawa tun hantsi har bayan la'asar, babu inuwar bango ko ta itace. Daɓen siminti ya fi. In babu, a share ƙasa, a yayyafa ruwa, a daɓe ta. Wurin kada ya zama gangare: tiyon ruwa na magina ya isa gwaji, ko a aza babban tire a zuba ruwa a ga ko zai taru gefe guda. A kafa ƙusa a tsakiya, a ɗaura mata igiyar da ba ta miƙewa, a ja da'ira uku a kanta, ɗaya mai nisan santimita 50 daga ƙusar, ɗaya 60, ɗaya 75. Sai a cire ƙusar, a ramin nan nata a kafa sandar ƙarfe mai tsini, wadda tsawonta sama da ƙasa santimita 50 ne. A rataya zare mai ɗan dutse kusa da ita, a duba ta gaba a duba ta gefe, har sanda da zare su tsaya tare.

A zo wurin kafin takwas da rabi. Da safe inuwar tana da tsawo, tana kwance wajen yamma, kanta yana waje da duka da'irorin. Tana gajarcewa har kanta ya taɓa babbar da'ira, sai a sa alama daidai wurin. Haka za a yi wa ta tsakiya da ƙaramar. Bayan zawali inuwar za ta koma gabas tana ƙara tsawo, ta fita daga ƙaramar da'ira, ta fita daga ta tsakiya, ta fita daga babbar, kowace a sa mata alama. Cikin Maris, kan inuwa yana taɓa ƙaramar da'irar wajen tara da rabi, ya sake taɓa ta kusan uku da rabi. Yanzu kowace da'ira tana da alama biyu. A haɗa su da zare: alamar safe ita ce yamma, ta marece ita ce gabas. Layukan nan uku dole su tafi kafaɗa da kafaɗa. In ɗaya ya bauɗe, akwai kuskure, a sake gobe. Amfanin yin uku ke nan maimakon ɗaya.

Don a sami kudu da arewa, a ɗauki igiya wadda ta fi rabin tazarar alamun biyu, a kafa a alamar yamma a ja baka, a kafa a ta gabas a ja wani. Bakunan za su gitta juna wuri biyu, su bar siffa kamar kifi a tsakaninsu. Littattafan Hindu ma kifi suke kiranta. Layin da ya bi daga bakin kifin zuwa wutsiyarsa shi ne kudu da arewa, kuma in aikin ya yi kyau ta gindin sandar zai wuce.

Saura alƙibla. A miƙa layin gabas da yamma da doguwar igiya. Daga turke na farko a auna mita 10 zuwa gabas, daga nan a karya kwana a auna mita 3 da santimita 44 zuwa arewa, a kafa turke na biyu. Igiyar da ta haɗa turakun nan ita ce alƙibla. In fili ya yi kaɗan, uku gabas ɗaya arewa ya kusa sosai, bai kai digiri ɗaya ba bambancinsa. Bangon gaba yana gitta wannan igiyar ne, haka tsawon kabari, kai na kudu ƙafa na arewa, domin mamaci ya kwanta kan damansa fuskarsa na alƙibla. A nan magina ke yawan juya abin. Kusurwar arewa ta bangon gaba ita ce ke ja baya zuwa yamma, ta kudu ta shiga gabas. Wanda ya juya su ya ninka kuskuren da aka zo gyarawa.

Abubuwan da ke ɓata aikin ba su da yawa, amma kowanne na gan shi. Gangaren ƙasa yana sa inuwar safe da ta marece su bambanta tsawo. Sandar da ta jingina gabas ko yamma tana raba kanta da tsakiyar da'ira. Kan inuwa kuma ba ya fita tsaf, domin rana faifai ce mai faɗin rabin digiri, gefen inuwarta yana da dishi-dishi, balle lokacin hazo. Maganin wannan a huda marfin gwangwani da ƙusa, a ɗaura shi a kan sandar, a riƙa bin ɗigon hasken da ya ratso hudar, amma fa hudar ta zauna daidai saman tsakiyar da'ira. Sai kuma gajeren layi: kuskuren santimita ɗaya a layi mai tsawon mita ɗaya, in aka miƙa shi bango mai mita 20, ya zama santimita 20. Kamfas da wayar salula suna taimako, sai dai allurarsu ƙarfe take bi. Rodin gini, ƙofar ƙarfe, mota ko babur a kusa, duk suna janta. Ka aza waya biyu gefe da gefe a wurin gini, sau da yawa kowace da inda za ta nuna. Rana ba ruwanta da rodi.

Wannan layin na kudu da arewa shi ne kuma agogon azahar, domin inuwa na hawa kansa rana ta yi tsaka, tana sauka ta gabas zawali ya yi. Agogon Nijar an ɗaura shi kan digiri 15 na gabas, mu kuwa muna kan 9, shi ya sa rana ba ta yin tsaka a nan sai wajen 12:24, kuma wannan ma yana motsi: tsakiyar Fabrairu ya kai 12:38, farkon Nuwamba ya sauko 12:08. La'asar a mazhabarmu tana shiga ne in inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an ƙara inuwar zawali. Sanda mai mita ɗaya, inuwarta ta zawali a ƙarshen Disamba santimita 76 ce wajen arewa, la'asar sai ta kai 176. A ƙarshen Yuni santimita 17 ce, kuma wajen kudu take. Wajen 27 ga Afrilu da 16 ga Agusta babu inuwar sam, rana tana bisa ƙoƙon kai. Malamai na awo da taki, tsawon mutum taki bakwai na ƙafarsa. Da wannan awon inuwar Disamba a nan taki biyar ce da ɗan ɗori, a Fas kuwa ta kai goma sha ɗaya. Wanda ya haddace jadawalin da aka yi wa Maroko ya zo yana aiki da shi a Damagaram, littafinsa bai yi ƙarya ba, garin ne ba nasa ba.

To daga ina da'irar ta fito? Tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS), limaman addinin Hindu suna gina matattarar wuta ta tubali don hadayarsu, kuma a aƙidarsu in ba ta fuskanci gabas daidai ba, ko girmanta ya kauce, hadayar ta lalace. Suka rubuta ƙa'idojin awon a littattafan da ake kira Sulba, kalmar kuwa ma'anarta igiya. A cikin na Katyayana aka bayyana sanda da da'ira da alamun nan biyu, yadda na faɗa a sama. A cikin na Baudhayana akwai awon uku, huɗu, biyar, wanda kowane magini a Zango ke fitar da kusurwa da shi yau. A harshensu na Sanskirit kalma ɗaya ce ke nufin gaba da gabas, kamar yadda kalmomin biyu suke 'yan uwa a bakinmu.

Zamanin Halifa Mansur, wajen shekarar 771, wata tawaga daga Sind ta iso Bagadaza da littafin lissafin taurari. Aka sa Fazari da Yaƙubu ɗan Ɗariƙ suka yi aiki a kansa, ya zama abin da Larabawa suka kira Sindhind. Khawarizmi, wajen 825, ya rubuta littafi kan lissafi da alƙaluman Hindu. Sifili da muke rubutawa fassara ce ta kalmarsu sunya, wato wofi, Larabci ya ce sifr. Biruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi Sanskirit, ya zauna da malamansu, ya rubuta littafi a kan addininsu da iliminsu wajen 1030. Shi ɗin dai ya yi wani littafi sukutum wanda manufarsa fitar da alƙiblar birnin Gazna. Mutanen nan masu salla ne, sun san abin da Hindu ke bautawa sarai, Biruni ma ya fi kowa sani. Ba su ɓoye inda suka samo awon ba, sunan masu shi suka bar masa har ya iso gare mu.

In mutum ya ce mini yaya za a nemi Ka'aba da dabarar masu bautar gumaka, ba na kai shi nesa. Karatun tauhidin da muka yi a zaure, na Imam Sanusi, ya raba hukunci uku. Akwai hukuncin shari'a, wanda ba a saninsa sai ta wahayi: wajibi ne a fuskanci Ka'aba. Akwai hukuncin hankali, na abin da dole ne, da wanda ba zai yiwu ba, da wanda zai iya kasancewa ko ya ƙi: rabin abu ba zai fi dukansa ba, ko a Makka ko a Banaras ta ƙasar Hindu. Akwai hukuncin al'ada, wanda ake samu ta maimaituwar abu: wuta na ƙuna, inuwa na gajarta har rana ta yi tsaka sannan ta ƙaru, bisa yadda Allah ya gudanar da halittarsa. Duk abin da na koyar a aji da sunan kimiyya, a wannan gida na uku yake zaune, yana jingine da na biyu. Shari'a ta ce a fuskanci Ka'aba, ba ta ce digiri 71 ba, ta bar mana wannan mu nemo da ido da hankali. Limamin Hindu ya nemi gabas don wutarsa, wannan niyyarsa ce, tana wurinsa, ba ta biyo igiyar ba. Inuwar da ya auna kuwa ta ranar da Allah ya halitta ce, ita ce dai ke faɗowa a unguwar Garin Malam.

Su ma masu falsafarsu sun yi irin wannan rabon. Mazhabar Nyaya ta ce hanyoyin sani huɗu ne: gani da sauran gaɓɓai, kafa hujja kamar wanda ya hango hayaƙi a kan dutse ya san akwai wuta, kwatanta abu da makamancinsa, da maganar amintacce. Malaman aƙida namu sun lissafa lafiyayyun gaɓɓai, hankali, da labari na gaskiya. Kusancin ya ba ni mamaki ranar da na fara karanta shi. Inda muka rabu da su shi ne wane ne amintaccen da ake karɓar labarin gaibu daga gare shi, kuma wannan rabuwa ce ta gaske, ba na rage mata nauyi. A ganina aikin falsafa mafi amfani shi ne wannan tambaya: abin nan da kake faɗa, ta wace ƙofa ka san shi? Rikicin da na gani tsakanin 'yan boko da malaman zaure, kusan duka daga shiga ta ƙofar da ba ita ba ne.

Husufi ya fi komai nuna haka. Muna yara, in wata ya yi duhu cewa ake rana ta kama wata, a fito da gwangwanaye ana kaɗawa ana roƙon ta sake shi. Hindu su ma suna da nasu labarin: wani aljani ya saci ruwan rashin mutuwa ya kurɓa, rana da wata suka tona shi, abin bautarsu Bishnu ya fille masa kai, kan nan mai suna Rahu shi ne ke bin su yana haɗiyewa, su fice ta yankakken wuya. Amma a cikinsu aka sami Aryabhata, wanda a shekarar 499, yana ɗan shekara 23, ya rubuta cewa wata ne ke rufe rana, inuwar ƙasa kuma ke rufe wata, har ya ce ƙasa ce ke juyawa, kamar mai tafiya a jirgin ruwa da ke ganin itatuwan gaɓa na gudu baya. Brahmagupta, gwanin da ya tsara ƙa'idojin lissafi da sifili a 628, ya soki masu kore Rahu don sun saɓa wa littattafan addini, alhali shi kansa da inuwa yake lissafa husufi. Biruni ya kama shi a kan wannan, ya ce mutumin ya san gaskiya, ya bi son jama'a ne. Abin tausayi ne a ga mai ilimi irin wannan ya rabu biyu, alƙalaminsa na lissafi na faɗin abu, bakinsa na faɗin wani.

Mu an hutar da mu daga wannan tun farko. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, a shekara ta 10 bayan hijira, rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Annabi ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an gani a yi salla a yi addu'a. Ya kore camfin, ya koyar da ibada, bai hana kowa lissafi ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, a littafin da ya rubuta don rushe kurakuran masu falsafa, sai da ya ware maganar husufi ya ce wannan ba abin jayayya ba ne. Ya ce wanda ya ƙaryata lissafin husufi da sunan kare addini ya cuci addinin, domin mai lissafin da ya faɗi ranar da sa'ar kuma abin ya faru ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. A wani littafin ya faɗi haɗari na biyu: ɗalibi ya ga ƙwarewar mutanen nan a lissafi, sai ya bi su ido rufe har a maganar Ubangiji, inda ba su da irin wannan hujjar. Duka biyun na gan su a aji, shekara bayan shekara, kuma na biyun ya fi wuyar magani.

Yadda abin yake kuwa, hanyar wata ta karkace daga hanyar rana da kimanin digiri 5, suna gittawa a wuri biyu. Waɗannan magittai biyu su ne masana taurarin Hindu suka ci gaba da kira Rahu da Ketu, Larabawa suka ce kai da wutsiya. Husufi ba ya yiwuwa sai rana tana kusa da ɗayansu, abin da ke zagayowa duk kwana 173 ko kusa da haka, shi ya sa ba kowane wata ake yi ba. Na rana sai a ƙarshen wata, na wata sai daren sha huɗu ko sha biyar. Bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da sa'a 8, husufi mai kama da na baya yana dawowa. Wanda ya isa hankali a 2006 ya tuna Laraba 29 ga Maris, da hantsi, da gari ya dushe: inuwar wata ta ratso Gana, Togo, Benin da Najeriya, ta shigo Nijar, ta wuce Libiya. Ɗan uwansa ya zo ranar 8 ga Afrilu 2024, amma a Meziko da Amurka da Kanada aka gan shi, saboda sa'a takwas ɗin nan ƙasa ta ƙara juyawa sulusin zagaye. Sanin ranar bai rage wa sallar komai ba, raka'a biyu ce, kowace da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, illa ma ya sa liman ya shirya jama'a. Abin da nake roƙo kullum shi ne kada a bar yara su kalli ranar, ko ta baƙin tabarau ko ta gilashin da aka shafa wa hayaƙi, yana ƙona ido ba tare da zafi ba. A ɗaga matankaɗi ko rariya mai manyan huda, a dubi ƙasa, kowace huda za ta zana ranar da gefenta a gutsure.

Akwai abin da ban karɓa ba daga wannan gadon. Ilimin taurarin Hindu ya zo a cakuɗe da duba: a dubi inda Rahu yake ranar haihuwar yaro a faɗi arzikinsa, ko a zaɓi ranar aure. Wannan ya faɗi ta kowace ƙofa. Shari'a ta hana, kuma in ka gwada shi da maimaituwa, yadda ake gwada lissafin husufi, ba ya tsayawa. Haka nan maganar da wasu ke yaɗawa cewa littattafan Hindu sun riga kimiyya sanin shekarun duniya, don sun ce yini ɗaya na abin bautarsu Brahma shekara biliyan 4.32 ne, masana kuma sun auna shekarun ƙasa suka sami wajen biliyan 4.5. Lamba ta farko an gina ta ne da ninka zamunna, 4,320,000 sau dubu, ta biyun kuwa daga awon yadda sinadarin yuraniyom ke rikiɗa ya zama darma a cikin duwatsu aka same ta. Kusancinsu dacewa ce kawai. Ina faɗin haka ne don mu ma muna da masu wannan ɗabi'a, duk abin da aka gano a ɗakin bincike sai su jawo aya su ɗaura masa. Binciken al'ada yana canzawa in an sami awo mafi kyau. Ranar da ya canza, wanda ya ɗaura masa aya me zai ce wa yaran da suka ji shi?

Tsofaffin masallatai kuwa, ina bin su a hankali. Fiƙihunmu na Malikiyya ya ce wanda ke Makka shi ne aka ɗora wa fuskantar ainihin Ka'aba, na nesa sashinta ya isar masa bisa ƙoƙarinsa, kuma wanda ya gane yana cikin salla cewa ya ɗan karkata kaɗan, juyawa zai yi ya ci gaba. Saboda haka ba na cewa sallar iyayenmu ta ɓaci, ba na kuma cewa a rushe bango. In karkatar 'yar kaɗan ce, a bar masallaci yadda yake. In ta yi yawa, a zauna da liman da dattawan unguwa tukuna, a nuna musu a ƙasa, su gani da idonsu, sannan a ja sababbin layukan sahu da fenti ko a gyara shimfiɗar tabarmi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Saurayin da ya shigo da waya a hannu bayan sallar magariba ya ce wa mutane shekara arba'in suna kallon wani wuri, ko da lambarsa daidai ce, rigima zai bari a unguwar, sahu kuma ba zai motsa ba.

Hanyar da ta fi saurin gamsar da dattawa ba ta buƙatar da'ira ko lissafi. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai bisa Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A agogonmu 10:18 ke nan da 10:27 na safe. A wannan mintin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci Ka'aba. Na Mayu ya fi mana, don Yuli damina ce, hadari na iya rufe ta. A daidaita agogo da na waya, a rataya zare mai kauri da dutse a ƙarshensa a harabar masallaci, a bari ya daina lilo, in akwai iska a tsoma dutsen cikin bokitin ruwa. Lokaci na cika a sa alama biyu a kan inuwar zaren, nesa da juna, a haɗa su. Daga kan inuwar zuwa gindin zaren, nan ce alƙibla. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta, ko minti biyu na jinkiri, ba su ɓata abin a zo a gani. In ana son a tabbatar ba a yi kuskuren sa'a ba, a auna inuwar sanda mai mita ɗaya a lokacin: a Damagaram santimita 58 za a samu.